Idon da Ya Rage wa Inna

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai. Yau sai in kira jika da sunan wani jikan, ko in ajiye makulli in yini ina nemansa. Amma shekarar da aka yi wa mahaifiyata aiki a ido, wannan kam ba ta cikin abin da zan manta, ko da zan manta hanyar gidana. Duk lokacin da na tuna sai in ji ƙirjina ya cika, wani lokacin kuma in fashe da dariya ni kaɗai har yara su tambaye ni ko lafiya.

A zamanin juyin juya hali ne, lokacin da kowa a ƙasar Benin ya zama kamarad, wato abokin gwagwarmaya, daga minista har mai tura amalanke. Ina zaune a Parakou, unguwar Ladjifarani, ina sayar da shinkafa da wake kusa da tashar jirgin ƙasa, inda manyan motoci ke lodin kayan Nijar. Direbobi ne masu cin abincina, kuma zama da su ya sa bakina ya yi kaifi fiye da yadda ake so ga mace. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana Djougou. Tun rasuwar babanmu ta koma gidan yayanta, Kawu, babban ɗan kasuwar goro, mutumin da in ya yi magana a gidansa ba mai ƙarawa.

Ni ce 'yar farin Inna, kuma wanda ya san al'adarmu ya san abin da hakan ke nufi. Ana yaye ni aka miƙa ni ga gwaggona a Parakou. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama hira da ni, in na shigo ɗaki sai ta kau da kai ta kalli bango. In magana ta kama dole, sai ta ce wa wani, "A gaya wa waccan." Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka ta tarar iyayenta na yi. To, wannan kunyar ce ta sa na daɗe ban gane halin da take ciki ba. In na gaishe ta daga gefe ba ta juyo ba, sai in ce ai halin nata ne.

Sai da na je Djougou sunan ɗan ƙanena na ga abin da ya tayar mini da hankali. Inna tana zuba wa baƙi kunu, sai na ga tana tsiyaya shi a ƙasa, gefen kwano, ba ta ma sani ba. Da ta tashi za ta shiga ɗaki, ta yi karo da turmin da ke tsaye a tsakar gida, turmin da yaro ma zai gani daga nesa. Da ta zauna na dubi ƙafafunta, duk ƙwaurinta tabo ne, sabo a kan tsoho. In aka kira ta, ba ido take juyawa ba, jikinta gaba ɗaya take juyawa tana laluben mai maganar. Na ja matar ƙanena gefe na tambaye ta, ta ce ai idon hagu ya daɗe da daina gani, na dama ne ya rage, shi ma kamar ta cikin kara take leƙen duniya.

Na sami Kawu a zaure yana jera goro a ganye. Na durƙusa na gaishe shi, na kawo maganar. Ko ɗaga kai bai yi ba.

"Yanar ido ce," in ji shi. "Mun sani. Bara na kai ta kasuwar Pélébina, mai aikin yana ya duba ta, ya ce ba ta nuna ba. In ta nuna zai ture ta. Ke dai ki yi haƙuri."

Ga wanda bai san wannan ba, bari in faɗa. A lokacin akwai masu aikin ido na gargajiya da ke zagaya kasuwanni bayan kaka. In yana ta rufe wa tsoho ido, ƙwayar ta yi fari fat, sai su soka tsinken ƙarfe su ture farin ya faɗa ciki. Nan take a ɗaga wa tsohon yatsu a gaban jama'a, ya ƙirga, mata su rangaɗa guɗa. Cikin waɗanda aka yi wa, da yawa daga baya idon kan lalace gaba ɗaya, amma wannan ba a gaban jama'a yake faruwa ba, shi ya sa ba a ba da labarinsa. Ƙa'idar da kowa ya haddace ita ce, ba a taɓa yana sai ta nuna, sai mutum ya daina gani sarai. Saboda haka a gidan Kawu, duk lokacin da ganin Inna ya ƙara raguwa, murna ake yi. In ta yi karo da ƙofa sai ka ji ana cewa, "Alhamdu lillahi, ta kusa nuna." Mutanen nan suna son ta, wallahi suna son ta, amma zaune suke suna jiran ta makance.

Ni kuwa na faki ido na leƙa fuskarta tana sallar la'asar. Ban ga fari ko ɗigo ba. Idanun nan garau suke, baƙi wuluk, kamar na jariri.

Na koma Parakou abin yana cin raina. Shinkafa ta ƙone mini har direbobi suka fara tsokanata wai ko sabon miji na samu. Cikinsu akwai wani dattijo ɗan Nijar da ya daɗe yana cin abincina, shi ne ya tsaya bayan an watse ya tambaye ni damuwata. Da na ba shi labari, sai ya ajiye cokali.

"Ido garau, kuma gani na tafiya daga gefe?" ya ce. "Ɗiyata, wannan ba yana ba ce. Haka yayana ya yi, muna jira muna jira, har ya zama sai an ja shi. Tansiyo ce ta ido, wato hawan jini. Ba ta nuna, ci take yi. Akwai dokter na ido a lopital, babban asibiti, yanzu, ki kai ta tun da sauran abin kaiwa."

Washegari na bar wa maƙwabciyata tukunya na hau mota. Kawu ya saurare ni yana taɓe baki. Ya ce ni da ban tashi a gidan nan ba, yau ni zan koya musu riƙon uwata? Na haɗiye wannan, ko da yake ta yi mini zafi. Na yi ta roƙo, na haɗa shi da Allah da Annabi, har ya gaji da ni ya ce, "Ki kai ta a duba. A duba na ce. Ban ce a taɓa ba."

Tafiyar nan ba zan ce ta yi daɗi ba. A bayan bashe muka zauna, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya mai rufin tamfol, tsakanin buhunan doya da wata akuya. Wajen Partago aka tsayar da mu a shingen 'yan juyin juya hali, wani saurayi da bindiga ya leƙo ya ce wa Inna, "Kamarad, sauko." Inna ta juya jikinta gaba ɗaya har ta same shi, ta ce da Dendanci, yaren mutanen Djougou, "Yaro, uwarka ce kamarad ɗinka?" Duk motar aka tuntsire da dariya, har shi kansa. Ban taɓa sanin Inna na da baki haka ba, sai ranar na gane inda na gado nawa.

Likitan matashi ne, ɗan kudu, ba ya jin Hausa ba ya jin Dendanci, sai wani ma'aikacin jinya ne ke yi mana tafinta. Ya kwantar da Inna, ya ɗiga mata magani, ya ɗora wani ɗan ƙarfe mai allura kamar ta sikeli a kan ƙwayar idon. Ya haska ciki da fitila ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa ta rufe ido ɗaya, yana kawo hannunsa daga gefe, a hankali, yana tambaya ko ta gani. Sai da hannun ya iso gaban hancinta take cewa ta gani. Na ga fuskarsa ta canza.

Ya ce sunan ciwon gilokom, mu kuma yanzu muna ce masa hawan jinin ido. Yadda ya yi bayani, ido yana yin ruwa a cikinsa kullum, ruwan kuma yana da 'yar kwatar da yake fita. In kwatar ta toshe, ruwan ya taru ya danne jijiyar gani, sai ta riƙa mutuwa kaɗan-kaɗan daga gefe, ba zafi ba ƙaiƙayi. Abin da ya mutu kuwa ya mutu, ba maganin da zai tashe shi. Ya ce hanya uku ce. Akwai maganin ɗigawa, amma kullum ne har ƙarshen rai, ga shi a lokacin yau a samu a farmasi, wato kantin magani, gobe a ce ya ƙare sai wata mai zuwa, kuma idon Inna ya wuce inda za a yi wasa da shi haka. Akwai wata na'ura mai harba haske, laza, da ke buɗe kwatar ba tare da yanka ba, amma ba su da ita, sai an ƙetare iyaka, kuma aikinta kan ragu bayan wasu shekaru. Ta uku ita ce tiyata: a yi wa ruwan wata 'yar ƙofa sabuwa a ƙarƙashin fatar ido ta sama. Ya ce ita yake ba da shawara, kuma kada a daɗe.

Na ce to, a yi. Sai na ga ya ɗora alama a saman girarta ta dama.

"Kamarad dokter," na ce, har na miƙe tsaye, "ba shi ba ne! Na hagu ne marar lafiyar. Wannan shi ne mai gani!"

Tafinta ya juya masa. Likitan ya dube ni da tausayi, ya ce ya sani. Na hagu ya riga ya tafi, ko an yanka shi ba abin da zai dawo, tunda ba ya yi mata ciwo a bar shi. Na daman ne ake son a cece shi. Ya ƙara da cewa ba zai ruɗe ni ba: aikin ba zai ƙara mata gani ba, abin da take da shi zai tsare mata. Da farko ma za ta fi ganin dishi-dishi. Kuma kamar kowace tiyata, akwai haɗari, jini na iya taruwa, ƙwayar cuta na iya shiga, ƙofar na iya rufewa. Amma in aka bar shi haka, makanta ce, babu ko tantama.

Ido ɗaya tilo, shi ne duk abin da ya rage wa uwata a duniyar gani, kuma shi ake so in yarda a sa wa wuƙa, a aikin da ko an ci nasara ba za ta ga ƙari ba. Ta yaya zan faɗa wa Kawu wannan?

Ban ma sha wahalar faɗa ba. Na aika da saƙo ta bakin wani direba, sai ga Kawu a Ladjifarani da kansa, babbar riga duk jar ƙasa. Tun daga ƙofar gida ya fara.

"Wane irin likita ne wannan? Mataccen ido ya bari, mai rai zai yanka! Ko mahauci ba ya haka. Kuma wai ba za ta ƙara gani ba? To, don me za a yi? Mai aikin yana ana gamawa ake ƙirga yatsu. Wannan ya ce miki a'a tun kafin ya fara, ke kuma kin buɗe baki kin ce to!"

Na ce, "Kawu, shi ya faɗi gaskiya ne."

"Rufe mini baki! Ke ce kika haife ta?"

Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Inna tana zaune a kan tabarma, fuskarta na kallon bango kamar yadda ta saba in ina wurin. Sai muka ji muryarta, a hankali.

"Yaya, zauna."

Ya zauna. Ina jin mamaki ne ya zaunar da shi.

"Ni ce a ciki, ba kai ba," ta ce. "Bara waccan ina ganin ƙofar ɗakina da randa da ke gefenta da igiyar shanya. Bara randa ta tafi. Bana ƙofar ma rabinta nake gani. Kuna cewa ta kusa nuna, ni kuwa ina jin ana rufe ni ne. Ban faɗa ba don kada in ɓata muku rai. Mutumin nan shi kaɗai ne ya kawo hannunsa ta inda ba na gani, ya san inda duhun yake. A gaya wa waccan ta kai ni."

Kawu ya miƙe ya karkaɗe riga. A bakin ƙofa ya juyo ya nuna ni da yatsa ya ce, "In ta makance, a wuyanki." Ko ruwa bai sha ba.

Ranar aikin da safe, na zauna a kan benci a baranda ina jan carbi, ban san abin da nake karantawa ba. Ba a sa ta barci ba, allura aka yi mata a gefen idon. Kafin in gama tsorata sai ga ta an turo ta, an naɗe mata rabin fuska. Ta ce ba ta ji zafi ba, illa likitan yana ta 'yan waƙe-waƙensa na coci a hankali, ita kuma tana salati, kowa da nasa.

Tashin hankalin sai da aka cire bandeji ya zo. Inna ta buɗe ido, ja wur, yana hawaye, ta ce hayaƙi kawai take gani. Likita ya ce haka ake yi, har da maganin da yake ɗiga mata yana ƙara dishin, a yi haƙuri. Na san ya faɗa tun farko. Amma jin magana daban, ganin uwarka tana laluben hannunta a gaban fuskarta daban.

Ana haka Kawu ya dawo, wannan karon da tawaga: matarsa, da ƙanena, da wata gwaggo tasu. Ya tsaya a tsakiyar ɗakina ya ɗaga yatsu kamar yadda ake yi a kasuwa. "Nawa ne?" Inna ta ƙura ido, ta ƙura, ta ce ba ta sani ba. Ya matso. Ta ce ba ta sani ba. Kawu bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dube ni kawai ya ce, "Da ƙafarta ta zo tana gani." Ƙanena ya fita yana share hawaye. Ni da direbobi ke tsoron bakina, ranar juya baya kawai na yi. Na shiga madafa na yi kuka kamar raina zai fita.

Da na gama kukan na wanke fuska, na ce wa kaina ai aikin bai ƙare ba. Likita ya ba ni dokoki: kada ta sunkuya, kada ta ɗaga abu mai nauyi, kada ta murza, kada wani abu ya shiga idon sai maganinsa. Na zama soja a ƙofar ɗakin nan. Tandun kwallinta na fara ɓoyewa, don Inna ba ta taɓa wayar gari ba ta zizara kwalli ba. Gwaggon da aka bari tana taya ni jinya na kama ta da ruwan wani ganye a marfin kwalba, ta riga ta ɗaga haɓar Inna. Na riƙe hannunta gam. Ta ce ba ni da kunya. Na ce, "Gwaggo, ki zage ni har gobe, amma wannan ba zai shiga ba." Fushi ta yi ta koma Djougou, ta je ta ƙara wa labarina gishiri.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce sujada. Inna ta ce ita ba wani ɗan kudu da zai hana ta sa goshi a ƙasa. Na ruga wurin malamin makarantar allo na unguwarmu, wani Basakkwace mai sanyin hali, na kawo shi. Ya zauna daga bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, Allah da ya ba ki idon Shi ya ba marar lafiya sauƙi. Ki yi a zaune, ki yi nuni da kai kaɗan. Ladanki cikakke ne." Ba ta je hajji ba a lokacin, amma jin an ce mata Hajiya ya sa ta yarda ba gardama.

Ɗiga maganin kuwa ni ke yi, safe da rana da yamma. Dole in zauna a gabanta, in tallafi kanta, in ja fatar idon da yatsana. Tun da aka yaye ni hannuna bai taɓa fuskar uwata ba sai a wannan jinyar. Da farko duk mu biyun kunya ta ishe mu, tana kallon rufi ina kallon kwalba. Sati ya wuce, wani ya bi. Jan idon ya fara washewa. Ban tambaye ta ko tana gani ba, tsoro nake ji.

Wata safiya na ɗiga mata, na jira ya shiga, zan tashi sai ta riƙe mini zane.

"Wannan tabon na haɓarki fa?"

Na tsaya cak. Wani ɗan tabo ne siriri, tun ina yarinya na faɗi a bakin rijiyar gidan gwaggona. Ni kaina sai na duba madubi nake tuna da shi.

"Inna, kin gan shi?"

"Ina tambayarki kina tambayata."

Ba ta kau da kai ba. Ta dube ni daga goshi har haɓa, a hankali, tana matsar da kanta kaɗan-kaɗan don 'yar tagar da take gani ta cikinta ta bi fuskata duka. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Ashe da babanki kike kama." Na kifa kaina a cinyarta na fashe da kuka, ita kuma tana cewa in tashi kada in sa ta sunkuya, likita ya hana. Wannan karon kukan daɗi ne, kuma ban ɓoye shi a madafa ba.

Da muka koma asibiti, likita ya sake ɗora ɗan ƙarfensa. Ya dubi allurar, ya sake dubawa, sai ya tafa hannu ya ce da Faransanci, "Wala! Sa marsh!" Wannan ko tafinta ban nema ba, na san cewa yake aiki ya yi kyau. Ya ɗaga fatar idon ya nuna mini wani ɗan kumburi kamar bororo, ya ce nan ne ruwan ke fita, alama ce ƙofar na aiki, kada a taɓa shi, kuma a riƙa kawo ta awo. Ya ƙara da cewa ciwon yana bin jini, duk 'yan'uwanta da 'ya'yanta da suka manyanta su zo a auna su.

Ranar da na mayar da ita Djougou, labari ya riga mu isa cewa na makantar da uwata, don haka gidan cike yake da masu zuwa jaje. Da bashe ta tsaya na miƙa mata hannu, ta ture shi. Ta gyara mayafi ta shiga da ƙafarta, tana juya kai dama da hagu yadda likita ya koya mata. Ta kewaye turmin nan. Ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya tana gaishe su da sunansu, har ta ce wa matar ƙanena goyonta ya karkace. Kawu ya fito daga zaure ya tsaya. Bai ce sannu ba. Ya ɗaga hannu sama.

"Nawa ne?"

"Uku," in ji Inna. "Kuma, Yaya, faratan nan naka suna neman wanzami."

Gidan ya kaure. Gwaggon nan mai ruwan ganye ita ta fara guɗa, kamar da ma shawararta ce. Ƙanena ya rungume ni yana ba ni haƙuri. Kawu ya dubi faratansa, ya dube ni, ya ce, "Ba a ba baƙi ruwa ne a gidan nan?" Ya koma zaure. Wanda ya san Kawu ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma na sha ruwan nan har ƙasan kwano.

Da na isar da saƙon likita cewa kowa ya je awo, Kawu ya ce shi idonsa ƙalau, daga nesa yake gane goro mai tsutsa. Bayan damina, ina cikin zuba abinci a tasha, sai na ga mutum da babbar riga ya zauna a ƙarshen benci tsakanin direbobi. Na zuba masa da nama biyu. Ya yi ta juya cokali bai ci ba. Can ya yi gyaran murya, yana kallon wani wuri, ya ce, "Wannan likitan naki, yana nan kuwa?" Bakina ya yi ƙaiƙayi, Allah Ya sani, maganganu sun zo har kan harshena. Na haɗiye su na ce, "Yana nan, Kawu. Gobe da safe sai mu je." An same shi da ciwon a ido biyu, amma da sauran gani sosai. Ya fara da maganin ɗigawa, daga baya aka yi masa tiyata, kuma shi ya zama mai kora tsofaffin unguwa zuwa Parakou, yana ba su labari kamar shi ya gano likitan.

Ni ma bai bar ni ba. Shekaru da yawa bayan haka, juyin juya hali ya zama labari, awo ya nuna nawa ya fara hawa. A Cotonou aka yi mini da na'urar hasken nan da a da sai an ƙetare iyaka. Na ɗora haɓa a kan ƙarfe, na ga walƙiya 'yan ƙanana, aka ce in tashi an gama, ranar na koma masauki da ƙafata. Har yau ina ɗiga magani, ina zuwa awo, kuma ina karanta Alƙur'anina da kaina.

Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, ba kowane ciwo ake jira ya nuna ba, kuma son mutum ba ya hana a cuce shi da jira. Mu a gidanmu idon da ya mutu muke ta kallo muna neman mai tashe shi, alhali mai ran yana tafiya a gabanmu. Shi ya sa duk wanda ya haura arba'in na gani sai na tambaye shi ko an taɓa auna masa ido, ko ya ji haushi ko kada ya ji, kuma in likita ya ce aiki ne zai tsare abin da ya rage, kada a tsaya ƙirga abin da ba zai dawo ba. Idon hagu na Inna bai dawo ba, na dama ma bai faɗaɗa ba. Amma da wannan 'yar tagar ta tsince shinkafa, ta ga auren jikokinta, ta ga Ka'aba. Har ranar da aka rufe mata ido, ba wanda ya taɓa ja mata sanda.